Fiffiken Kazar da Ke Barandarmu

Lahadi, 14 ga Janairu 2007, ƙarfe huɗu na yamma

Da hannun hagu nake rubutu, shi ya sa baƙaƙen suke kwanciya. Ƙashin da ya taso daga gindin wuyana zuwa kafaɗar dama ya karye shekaranjiya. Likita ya nuna mini hoton, na ga tsagin da idona, amma har yanzu gani nake kamar kafaɗar wata yarinya ce daban. Ya rataye mini hannun a wuya da ƙyalle mai shuɗi, ya ce mako shida ko takwas ba iyo, ba keke, ba gudu.

Umma ta kira sunana a asibiti. Ni ce 'yar fari, tun da na yi wayo "ke" take ce mini. Da aka turo ni a kan gado sai na ji ta ce "Asabe!" da ƙarfi a gaban mutane. Wannan ya fi zafin ƙashin firgita ni.

Litinin, 15 ga Janairu, da hantsi

Umma ce take ba ni abinci a baki. Na ce zan iya da hagu, ta ce ba a gidanta ba.

Talata, 16 ga Janairu, bayan La'asar

Malama Dalia ta zo duba ni da ledar lemo. Ita ce malamar wasanni ta makarantarmu, 'yar Masar, ita ta kafa mana ƙungiyar tirayatilon, wato wasan da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a tafi ɗaya. Mu bakwai ne, duk mata. Duk Juma'a da sassafe take kai mu hanyar Lusail a bayan gari mu yi keke, saboda a nan ƙasar Larabawa ranar hutu ce, lokacin hanyar ba kowa.

Ta zauna a falo ta ce wa Baba ita tana gaba da sauran 'yan mata, ba ta ga faɗuwar ba, sai ihu ta ji. Baba ya juyo ya ce, "Faɗa mata abin da kika faɗa mini."

Na ce tifa ce ta wuce kusa da ni a shataletale, iskarta ta ture ni.

Haka na faɗa wa likita, haka na faɗa wa Baba da Umma, yanzu kuma Malama. Sau huɗu ke nan.

Malama Dalia ta dafe ƙirji ta yi ta ba Baba haƙuri. Baba ya ce ba laifinta ba ne, amma zancen keke ya ƙare. Da Larabci ya rufe, don ta ji da kyau, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan.

Ban yi kuka ba sai da ta tafi.

Alhamis, 18 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Baba ya hau da keken sama ya ɗaure shi a baranda. Tayar gaba ta lanƙwashe kaɗan. Ya ce Kawu Abass zai tafi gida ranar biyu ga Maris, za a sa keken a kayansa a kai wa 'ya'yan ƙanen Baba a Gusau.

Shi Baban ne fa ya nemo mini keken nan. Shi ya kai ni Kornish, can bakin teku, a watan jiya, lokacin wasannin Asiya, muka tsaya cikin jama'a muna kallon mata suna fitowa daga teku a guje suna haye kekuna. Kuma shi ne, da abokansa suka fara maganganu bayan sallar Juma'a cewa 'yar Malam Garzali tana yawo da wando a kan keke, ya ce musu, "'Yata ce, a rufe take, kuma ita ba ta jin kunyar abin da take yi, ni ma ba na ji." Umma ce ta ba ni labari. Na daɗe ina maimaita maganar nan a raina ina jin daɗi.

Yau ba na son tuna ta.

Juma'a, 19 ga Janairu, ƙarfe uku na rana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai na rubuta.

Baba ya dawo daga masallaci da baƙo, da kwali mai huji-huji a hannunsa. Baƙon Baba Fatawu ne. Da na ji muryarsa a ƙofa na gudu banɗaki na kulle, sai da Umma ta buga sau uku.

Baba Fatawu mutumin Zangon Kumasi ne, abokin Baba, yana gadi a ƙofar wani wurin gini a hanyar Lusail. Ban san cewa gidansu gidan ɗori ba ne sai yau. Baba ya ce tun kakan kakansu suke ɗora ƙashi.

Baba Fatawu ya duba kafaɗata bai taɓa ƙyallen ba. Ya ce, "Malam Garzali, wannan ƙashi ba a ɗaure shi da kara. Likita ya yi daidai, kar kowa ya kwance. Ni nawa man kaɗanya ne da addu'a. Amma kaza, sai an yi kaza."

Ban gane ba sai da ya buɗe kwalin. Jar kaza ce mai rai. Baba ya ce sai da ya zaga bayan kasuwar Abu Hamour sau biyu kafin ya same ta. Wai a gidansu Baba Fatawu, idan mutum ya karye, sai a karya wa kaza daidai wurin, a ɗora ta rana ɗaya da shi. Ranar da ta warke, mai karaya ma ya warke. Tun da ni kafaɗar dama ce, ita fiffiken dama.

Kafin ya yi, ya ce akwai sharaɗi. Mai karaya zai faɗi yadda ya faɗi da bakinsa, kazar tana hannu. Ya dube ni ya ce, "'Yata, yaya aka yi?"

Baba yana zaune. Umma tana tsaye a ƙofar kicin.

Na ce tifa ce.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Tifa." Ya gyaɗa kai, ya yi bisimilla. Na ji ƙarar, ƙas, ƙarama ƙwarai. Kazar ta yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Ya ɗaure fiffiken da 'yan tsinkayen tsire da zare, ya shafa mata mai, ya shafa mini a kan fata a hankali.

Sau biyar ke nan. Kuma shi na faɗa wa.

Asabar, 20 ga Janairu, da safe

Kazar tana baranda a ƙarƙashin keken. Ba ta ci gero ba. Ni ma ban karya ba.

Laraba, 24 ga Janairu, bayan Azahar

Haris ɗin benenmu, wato mai gadi, ya hau ya ce maƙwabta sun ji kukan kaza, a unguwar Al-Sadd ba a kiwo a bene. Umma ta ce masa magani ce. Ya ce, "Mama, magani yana kuka?" Ta zuba masa tuwo da miyar kuɓewa a kwano, ya sauka bai ƙara magana ba.

Na zauna kusa da kwalin na yi aikin lissafi da hagu. Kazar tana kallona da ido ɗaya. Ita ba ta hau keke ba, ba ta je Lusail ba, ba ta ce komai ba.

Ba zan rubuta komai game da shataletalen ba.

Lahadi, 28 ga Janairu, ƙarfe biyu da rabi

Na koma makaranta. 'Yan ajinmu sun kewaye ni. Labarin ya girma a bayana: wata ta ce tirela ce, wata ta ce direban ya gudu ana nemansa. Ban gyara musu ba, ban kuma ƙara ba. Malama Dalia ta ce shugabar makaranta tana tunanin hana fita hanyar Lusail gaba ɗaya. Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a baya.

Lokacin iyo na zauna a benci da jakunkunansu. Warin ruwan ma kaɗai ya sa idona ya cika.

Juma'a, 2 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu

Baba Fatawu ya zo duba kaza. Na gaishe shi daga bayan labule. Ya ce, "Yau kuma daga nesa ake gaisuwa? Da can har da sauri ake yi mini." Baba ya yi dariya bai san abin da ake nufi ba. Ko ya sani? A'a. Bai sani ba.

Ya ce fiffiken yana kamawa. Ban yarda ba. Ta yaya zai kama?

Alhamis, 8 ga Fabrairu, da yamma

Na yi mafarkin rana ina kan keke, hannuna na dama yana ta tashi daga kan keken shi kaɗai, ina mayar da shi yana tashi.

Saura kwana ashirin da biyu Kawu Abass ya tafi.

Talata, 13 ga Fabrairu, bayan Magariba

An sake ɗaukar hoto. Likita ya nuna wani farin gajimare a kan tsagin, ya ce sabon ƙashi ne, yana haɗuwa fiye da yadda ya zata. Ya cire ƙyallen. Ya koya mini in tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsuna sama kamar gizo, sau goma safe da yamma. Hannun ya rame, ya yi nauyi kamar na aro. Na kai daidai hancina na tsaya.

Akwai ɗan tudu a kan ƙashin yanzu. Ya ce ba zai tafi ba.

Yau na ci abinci da dama. Umma ta yi kamar ba ta gani ba, amma ta ƙara mini nama.

Wannan rubutun ma da dama ne.

Juma'a, 16 ga Fabrairu, ƙarfe biyar

Ta tashi! Wallahi ta tashi.

Baba Fatawu ya kwance zaren ya ajiye ta a ƙasa. Ta tsaya, ta girgiza jiki, ta buɗe fiffiken hagu, sannan na dama. Sai kawai ta yi fir ta haye kan sirdin kekena. Umma ta yi guɗa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Baba ya ce Alhamdulillahi sau uku.

Ni na daskare. Mako huɗu ina jiran ta ƙi warkewa. Na tabbata a raina fiffiken zai shanye, ko ta mutu, kowa ya tambayi dalili, maganar ta fito da kanta ba sai na buɗe baki ba. Ga shi ta warke sarai. Babu abin da zai tona ni. Ban san cewa wannan ne zai fi tsorata ni ba.

Da Baba ya shiga ɗaki ɗauko hula zai raka shi, Baba Fatawu ya tsaya yana sa takalmi. Bai dube ni ba ya ce, "'Yata, aikina na gama. Ƙashi ya kama. Sauran ba na mai ɗori ba ne." Ya ɗaga kai wajen baranda. "Keke mai kyau. Yaran Gusau za su ji daɗi."

Lahadi, 18 ga Fabrairu, da Azahar

Yatsuna sun wuce kaina a bango.

Laraba, 21 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Malama Dalia ta ce likita in ya yarda zan iya shiga ruwa mako mai zuwa, da ƙafa kawai, ina riƙe da allon iyo mai yawo a kan ruwa. Baba ya ce iyo da gudu bai hana ba. Na ce, "Baba, ai uku ne." Ya ce, "To ki yi biyu."

Kawu Abass ya zo ya auna keken da igiya don ya san kwalin da zai nema. Ya ce, "Asabe, in cire ƙararrawar in bar miki ta tarihi?" Keken ba shi da ƙararrawa. Wasa yake yi. Na shiga ɗaki.

Na gwada faɗa a gaban madubi. Ina kaiwa "Baba, ranar nan" sai in tsaya. Idan na yi shiru, keke ya tafi. Idan na faɗa, zai san maganar da ya tsaya ya yi a gaban abokansa ba gaskiya ba ce, kuma ni na mayar da ita haka. Watakila keken ya tafi duk da haka.

Juma'a, 23 ga Fabrairu, bayan La'asar

Na faɗa. Zan rubuta shi a jere yadda ya faru, sau ɗaya, daga nan ba zan sake ba.

Bayan an ci abinci, Baba da Baba Fatawu suna shan shayi. Na fito na durƙusa a gefen kujera na ce, "Baba, babu tifa."

Ranar nan Malama ta ce kowa ta cusa rigarta cikin wando, hijabi kuma cikin riga, don kada iska ta ja ko ya shiga taya. Na yi haka. Ina baya, ina gudu sosai don in kamo su. Da na fito daga shataletale sai na hango Baba Fatawu a ƙofar wurin ginin, a kan benci, da wasu mutum biyu 'yan ƙasarmu suna shan shayi. Sun gan ni. Ban taɓa wuce babba ban gaishe shi ba. Ban kuma taɓa tsayawa gaban abokin Baba da riga a cikin wando ba. Duk biyun suka zo mini lokaci ɗaya. Na saki hannun dama na fara zaro hijabin in rufe jikina, na sunkuyar da kai ina ƙoƙarin rusunawa, a kan keke, ina cewa "Ina kwana, Baba." Na ga rairayi a gabana. Na damƙe birkin hagu, shi ne na gaba. Keken ya tsaya, ni ban tsaya ba.

Baba Fatawu ne ya fara isowa kaina. Shi ya cire rigarsa ta aiki ya lulluɓe ni kafin Malama ta juyo.

Na gama. Na ce, "Na ji kunya, Baba. Ka ce musu ba na ji, kuma na ji."

Baba ya ajiye kofi. Ya ce, "Asabe, aikin me nake yi?"

Na ce yana tsara wa direbobin kamfani fita.

Ya ce, "Shekara tara ina wannan aiki. Wace tifa ce take fita hanyar nan ranar Juma'a da asuba? Tun a asibiti na sani."

Na ɗaga kai. Ban taɓa jin abin da na ji ba. Mako shida!

Ya ce ya tambayi Baba Fatawu tun daren farko, shi kuma ya ce masa maganar ta yarinya ce, ita za ta faɗa. "To ni me zan yi? 'Yata ta faɗi, ta ɓoye mini abin da ya kayar da ita. Ko wani ne ya tare ki, ko jiri kike yi, ko me, ban sani ba. In sake ɗora ki a kan keke ban san abin da ke jiranki ba? Tifa ai da sauƙi."

Umma daga ƙofar kicin ta ce, "Yanzu ke, don Allah, gaisuwa ce ta karya ki?"

Baba Fatawu ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce, "Malam Garzali, shekarata talatin ina ɗori. Na ga wanda ya faɗo daga mangwaro, na ga wanda saniya ta taka. Ban taɓa ganin wanda ladabi ya karya ba sai a gidanka."

Baba bai yi dariya ba da farko. Ya ce jin kunyar manya ba laifi ba ne, shi ya koya mini. Abin da ya faɗa wa abokansa kuma, shi ya faɗa, shi zai ɗauka. Sannan ya tambaye ni, "Ke dai, kina son keken ko ba kya so? Ki dube ni ki faɗa."

Na dube shi. Da ƙyar. Na ce ina so.

Baba Fatawu ya ce, "To ni na yafe gaisuwata. Duk wanda ke kan keke, na ɗauke masa. Ki wuce ni kamar ba ki san ni ba, in kin sauka kya biya."

Lahadi, 25 ga Fabrairu, ƙarfe uku

Na faɗa wa Malama Dalia a ofishinta. Sai da na maimaita sau biyu kafin ta gane dalilin da zai sa mutum ya rusuna a kan keke. Ta rufe baki da hannu, ta ce, "Ya Allah, Asabe." Ta tafi wajen shugaba a take. Ba za a hana Lusail ba.

'Yan ajinmu ban san yadda zan yi da su ba tukuna.

Alhamis, 1 ga Maris, da yamma

Likita ya yarda da ruwa. Na yi tsawon wurin iyo sau shida da allo, kafaɗar tana ja amma ba ta ciwo. Keke sai nan da mako biyu.

Kawu Abass ya zo da kwalinsa, Baba ya ce ya zuba wani abu a ciki. Umma ta ɗinka mini hijabi gajere mai roba a ƙasa, da riga mai tsawo da ba ta buɗewa a iska, ba sai an cusa komai ba. Baba Fatawu ya tafi da kazar, wai ta mai ɗori ce. Na tambaye shi ko yanka ta zai yi. Ya ce kazar da ta yi aiki ba a cin ta, tana wurin gadi tana cin ragowar shinkafar ma'aikata.

Juma'a, 16 ga Maris, ƙarfe goma na safe

An gyara tayar. Baba ya biyo mu a baya da mota.

Minti goman farko a hankali nake taka feda, duk ɗan rairayin da na gani sai in kauce masa. Malama ta dawo kusa da ni tana cewa, "Yalla, a hankali, yalla." Na bar su suka yi gaba.

Daga nan shataletalen.

Baba Fatawu yana nan a kan benci, da mutum uku yau. Na ji hannuna na dama ya fara sakin keken shi kaɗai, kamar a mafarkin. Gaisuwar ta taho har bakina. Sai Baba Fatawu ya miƙe tsaye ya ɗaga kofin shayinsa ya yi ihu, "Hannu biyu, 'yata! Hannu biyu!"

Na riƙe. Na wuce su kaina a ɗage, ban ce uffan ba. Tun da aka haife ni ban taɓa yin haka ba.

A dawowa na taka birki biyun tare, na sauka, na jingine keken a jikin shinge. Jar kazar tana tono a ƙarƙashin bencin. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Ina kwana, Baba."

Ya ce, "Lafiya lau. Ta ɗazu fa?"

Na sake gaishe shi.